Gawayi, Sola da Naira Hamsin

Duk mai zagaya unguwannin Kano a 'yan shekarun nan ya ga yadda buhunan gawayi suka cika bakin titi. A da masu guga da maƙera da masu gasa masara ne abokan cinikin mai gawayi. Yanzu kusan kowane lungu akwai mai ƙulla shi a baƙar leda, na ɗari biyu, na ɗari biyar, gefe da gefe da mai kayan miya. Cikin masu saye har da matan ma'aikata da malaman makaranta, mutanen da shekaru goma baya suka yi murnar rabuwa da hayaƙi.

Yayata na cikinsu. Tukunyar gas ɗinta tana nan a kusurwar kicin, amma kurfoti ne ke aiki a tsakar gida, ita kuma tana fama da fifita. Da na yi mata maganar, cewa ta yi: "Kai dai bari. Gas na shayin safe ne da ɗumamen yara in za su makaranta. Wake da tuwo kuwa sai gawayi." Na ce, "Yaya, kin fa san itace ake sarewa." Ta ce ta sani, a ƙauye ɗaya muka tashi, ta san kaɗanyoyin da muka tsinci 'ya'yansu babu su yanzu. "To in dafa musu da me?"

Wannan tambaya tata ita ce ta sa na daina yarda da masu cewa talaka bai damu da muhalli ba saboda rashin wayewa. Ya damu. Abin da ke aljihunsa ne ke yanke masa hukunci, shi kuwa abin da ke aljihu a Abuja ake tsara yawansa.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Gas ɗin girki, ko da a ƙasar nan aka samo shi, farashinsa dala yake bi, ga kuɗin tankar da za ta ɗauko shi daga kudu zuwa Kano ko Sakkwato. Kilo ɗaya ya wuce naira dubu. Kananzir kuwa tuni risho ya koma ƙarƙashin gado.

Gwamnati ta ɗan motsa. A watan Oktoban 2024 ta sanar da cire harajin VAT daga gas ɗin girki da dizal da gas ɗin motoci da kayan girki marasa hayaƙi. Mataki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne, farashi kuwa ninkawa ya yi, don haka ragin bai isa kicin ɗin Yaya ba.

Shi gawayi arhar tasa ta yaudara ce, domin babu wanda ya biya kuɗin bishiyar. A daji ake sare itace, a gutsuttsura, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta a bar shi yana ci a hankali na kwanaki. Ta wannan hanya sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Masu sana'ar kuma sun san abin da kasuwa ke so: ƙirya da marke da kaɗanya, masu nauyi, masu daɗewa a wuta ba tare da yawan toka ba. Kaɗanya kan yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya, a yini ɗaya a kayar da ita. Matan da ke yin man kaɗe su ne farkon masu asara, sai masu daddawa idan gatari ya kai kan ɗorawa, sai gonar da iska za ta riƙa share wa ƙasa. Duk da haka ban iya zagin mai saran ba. Sau da yawa manomi ne da taki ya fi ƙarfinsa, ko wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa.

Muna da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi har Borno. Kowace damina ana bikin dashe. Abin da ke damuna shi ne 'yar bishiyar da aka dasa ranar biki ba ta da mai ita. Bayan an watse, akuya ce ke zuwa duba ta.

Ƙetare iyaka kaɗan, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, an yi abin da ya kamata mu yi ta maimaita labarinsa. A can dokar gandun daji da aka gada daga Faransa ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, manomi na iya shan tara a kan bishiyar da ke cikin gonarsa, saboda haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun bai zame masa rigima ba. Bayan farin shekarun 1970, a farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Manomi ya duba kututturan da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun da daɗewa, don haka girman ba ya jinkiri, ba kuma a bukatar ban ruwa. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, sai abin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo sun kai hekta miliyan biyar, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya fi yawa a wasu yankunan, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne makamashin gida, har a kai kasuwa. Hausawa 'yan'uwanmu ne suka yi wannan, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama.

Tsadar man da ta kori mata daga gas zuwa gawayi ita ce kuma ta kawo sola gonakin rani. Kawuna yana noman tumatir da albasa a yankin Kura. Gonarsa ta yi nisa da magudanar ruwan madatsar Tiga, da injin fetur yake jan ruwa daga 'yar rijiyar burtsatse. Da mai ya yi tsada, ya bi sahun waɗanda suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki, kana ganin tukunya a bakin rijiya an haɗa ta da tiyo. Da gas ya bi sahun fetur, ya sayar da shanunsa biyu na huɗa ya sayi faranti da famfon sola. Na je na gani. Farantan na jingine a kan sanduna suna fuskantar kudu, da hantsi ya yi ruwa ke fita ba ƙara, ba hayaƙi, yaro guda na share ƙura da tsumma, da yamma a kwance su a kai gida a amalanke saboda ɓarayi. Ya ce mini, "Ɗana, rana dai ba a yi mata layi a gidan mai."

Kawu bai taɓa zuwa taron sauyin yanayi ba. Lissafi ya yi, lissafin ya fito. Farashin farantan da ake yi a Sin ya faɗi ƙwarai a shekarun nan, shi ya sa masu cajin waya, masu ƙanƙara, masu kemis da masallatai duk suka rungumi sola, musamman bayan da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Da na ji a 2025 ana maganar hana shigo da farantan daga waje don a ƙarfafa na gida, gabana ya faɗi. A fara gina masana'antun su wadatar, sannan a rufe ƙofa.

Sola ma tana da nata lahani da ya kamata a faɗa. Ruwan da ba a biya kuɗin jansa ba, ana barinsa yana kwarara yini guda, rijiyoyi kuwa ba su da tabbacin ƙasa. Baturan gidaje da shaguna yawancinsu na dalma ne, in sun mutu 'yan gwangwan ke fasa su a cikin unguwa, ruwan ya bi kwata. Mu da muka ga yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan ba.

Maƙwabcin gonar Kawu ba shi da shanun sayarwa. Har yanzu galan-galan yake sayen fetur wajen 'yan bumburutu, kullum yana biyan kuɗin da in an tara na kaka biyu ko uku zai sayi sola. Bambancinsa da Kawu dunƙulallen kuɗi ne na rana ɗaya. Nan ne maganar haraji ke shigowa.

Tun wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 suka yi wuyar gani, mai shayi da mai nama da mai adaidaita sahu duk suka buɗe asusu a waya. Masu POS suka cika kowace kwana. Gwamnati na cire naira 50 daga duk kuɗin da aka tura da ya kai 10,000, tun Disambar 2024 kuma abin ya haɗa da irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Naira hamsin ba ta sayen komai a yau, amma mutane na jin zafinta fiye da VAT, domin ita ana ganinta ƙiri-ƙiri a saƙon waya.

Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka kuma fara aiki a Janairun 2026, sun zo da tsoro mai yawa a Arewa. Tun a Oktoban 2024 gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon VAT da aka fara kawowa, sai da aka gyara. A majalisun unguwa kuwa jita-jita ce ta yi yawa, wai duk kuɗin da ya shiga asusunka za a yanka. Dokar ba ta ce haka ba. Riba da abin da mutum ya samu ake sa wa haraji, wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba kuma an yafe masa. VAT ya tsaya a 7.5, an ɗauke shi daga kayan abinci na yau da kullum da magani da ilimi. Ina ganin akwai adalci a waɗannan.

Amma na fahimci masu tsoron. Kakanninmu sun ba mu labarin haraji da jangali, yadda magidanci kan bar gari in lokacin biya ya zo, yadda ake shanya wanda ya kasa a rana. Shi ya sa har gobe ake tuna Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, da suka soke su a 1979. Ɗan kasuwar yau kuma yana biyan tikiti iri-iri kafin ya buɗe rumfa, ga kwatar gabansa cike da ledar fiya wata, ruwan sama kaɗan ya shiga shago. Tun da aka cire tallafi kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai. Tambayar da na fi ji a bakin mutane ita ce, "Ina kuɗin suke tafiya?" Tambaya ce ta haƙƙi, gwamnoninmu ne kuma ya fi kamata su amsa.

Cikin sabuwar dokar akwai ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, wanda ba zai fara ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni, an kuma keɓe gas ɗin girki da kananzir na gida da makamashin rana. A ƙasashen Turai irin wannan haraji ana sa shi ne don a tura mutane su bar mai. A nan mutane sun riga sun so bari, hanyar fita ce ba su da ita. In har za a ɗora shi, ina so a ware wani kaso a bayyane, a buga a kowane wata, a ce ga tukwanen gas da ingantattun murhu da famfunan sola da aka bayar bashi a ƙaramar hukuma kaza.

Hanyar karɓar bashin tana hannunmu. Wayar da ta iya cire naira hamsin daga mai shayi a Kurna cikin ƙiftawar ido za ta iya karɓar biyan kaɗan-kaɗan daga manomi a Kura. Akwai kamfanonin da tuni suke sayar da fitilun sola da wayoyi a haka, kana biya na'urar na aiki. Mu kuma mun san adashe tun kafin banki ya zo. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin mai lamuni, ta rage ruwan bashin ko ta tsara shi ta hanyar da ba ta saɓa wa addini ba, a kuma daidaita lokacin biya da lokacin kwashe albasa, domin manomi ba shi da kuɗi a watan shuka. Maƙwabcin Kawu ya ce da za a ba shi famfon ya biya a kaka uku, da gobe zai dangwala hannu.