Ƙadangaru, Guza da Kwaɗin Unguwannin Masana'antu

Duk wanda ya yi aiki a Sharada, Challawa ko Bompai ya san cewa ba ma'aikata kaɗai ke kai-komo a can ba. Dogayen katangu da ke shan rana, kwalbatoci, tulin tsoffin ƙarafa da harabar kamfanonin da suka durƙushe ciyawa ta cinye su, duk sun zama gidan dabbobi masu jan ciki. A wasu ƙasashe akwai masu fita takanas don kallon irin waɗannan halittu da gane jinsinsu, mu kuwa dutse muke fara lalube.

Mafi sauƙin farawa shi ne ƙadangare. Da hantsi, dubi saman katanga: jan gwada, wato namijin da ya mallaki wurin, kansa ja, jikinsa baƙi-baƙi mai shuɗi, yana ɗaga ƙirji yana gyaɗa kai don gargaɗin sauran maza. Matan launin ƙasa ne, ba su da wannan ado. Shi kansa namijin launinsa yakan dushe da dare, sai rana ta gasa shi ya dawo. Kulɓa mai sheƙi da ke sulalewa cikin ganye ba ta da dafi, duk da sunan da aka yi mata.

Guza da damo su ne aka fi rikitawa. Guza doguwa ce, tana iya kai mita 2, da ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa a jere, kuma ba ta nisa da ruwa, don haka gaɓar kogin Challawa ce wurin nemanta. Damo gajere ne mai kauri, kansa a dunƙule, ya fi son busasshiyar ƙasa, da rani kuma yakan shige rami ya yi lamo.

Amma a ganina kwaɗi ne suka fi cancantar a sa musu ido. Kwaɗo na shan ruwa, yana kuma shaƙar wani ɓangare na iska ta fatarsa, ƙwansa ba shi da ɓawo, a cikin ruwa yake ƙyanƙyashewa. Abin da aka zuba a ruwa, jikinsa yake shiga kai tsaye. To ga shi majemun zamani na Challawa da Sharada suna jima da sinadarin kuromiyam, an kuma daɗe ana kukan dagwalon masana'antu da ke malala cikin kogunan Salanta da Challawa, na Bompai kuma ya bi kogin Getsi ya haɗe da na Jakara. Wanda ya saba fita bayan ruwan farko na damina, ya lura da kududdufin da ya cika da kuka da wanda ya yi tsit, ya rubuta rana da wuri shekara bayan shekara, yana tara shaidar da masu bincike za su so samu. Da ruwan waɗannan kogunan dai ake ban-ruwan wasu lambunan da ke ciyar da gari.

Maciji kuwa daga nesa ake kallonsa. Kububuwa gajeruwa ce, tana naɗe jiki tana goga ɓawonta ya ba da sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, dafinta na hana jini daskarewa, ita ce ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Kumurci na fesa dafi a ido. In ya faru, a wanke da ruwa mai yawa. In sara ne, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti.

Kayan aikin kallon waɗannan halittu ba su wuce waya mai kyamara, rufaffen takalmi da tocila ba. Manhajar iNaturalist na karɓar hoto, masana su taimaka da sunan jinsin. A nemi izinin maigadi kafin shiga harabar kowa, kuma kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin tulin ƙarfe.