Rigar Alƙali Ba Ta Rufe Marubucin Kotu

A dokar Ingila da ta Amurka, ba a kai ƙarar alƙali don neman diyya saboda hukuncin da ya yanke, ko da ya kuskure. Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da wannan tun 1872, domin alƙalin da ke tsoron ƙara ba zai yi shari'a da zuciya ɗaya ba. To, marubucin kotu fa, watau mai rubuta duk abin da aka faɗa a zauren shari'a, shi ma wannan kariya ta rufe shi?

Ga yadda aka warware maganar. A 1986 wata kotun tarayya a Jihar Washington ta ɗaure wani mutum bisa laifin fashin banki. Ya ɗaukaka ƙara, ya nemi kwafin shari'arsa. Marubuciyar kotun ta yi ta jan ƙafa, har aka tarar wasu takardunta sun ɓace. Sai a 1990 aka saurari ƙararsa, bayan shekara huɗu. Da ya nemi diyya daga marubuciyar da kamfanin da ya ɗauke ta aiki, kotuna biyu suka ce ba hanya, wai aikinta ɓangare ne na aikin alƙali.

A 1993 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, bakin alƙalanta tara ɗaya, a shari'ar da aka sani da sunan Antoine. Mai Shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta dalilansu. Abin da doka ke karewa shi ne aikin auna hujja da zaɓen hukunci. Marubuci kuwa ba shi da zaɓi, gama dokar 1944 ta umarce shi ya rubuta kome kalma da kalma. An kawo hujjar cewa alƙalan Ingila na dā su ma sukan rubuta shari'a da hannunsu. Kotu ta amsa cewa su abin da suka ga ya dace suke ɗauka, su bar saura.

Kotun ba ta ce marubuciyar ta yi laifi ba, ta dai buɗe ƙofar ƙara. Akawu da malamin ofis su lura: mutum yana iya daɗewa a kurkuku saboda takarda guda, kuma zama kusa da alƙali ba ya ɗauke wa mai alƙalami alhakin aikinsa.