Ajin Share Fage a Gwandu da Kalgo: A Bar Yara Su Taɓa da Hannunsu

Tun shekarar 2013, da aka sake bitar Manufar Ilimi ta Ƙasa, shekara guda ta share fagen shiga firamare ta shiga cikin ilimin bai-ɗaya da gwamnati ta ɗauki alkawarin bai wa kowane yaro. Takardar ba ta yi ɓoye-ɓoye ba. Ta ce malami ɗaya ga yara 25, ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, ta kuma ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Ko a kason kuɗin da Hukumar UBEC ke bai wa jihohi ƙarƙashin dokar 2004, an daɗe ana ware kashi 5 cikin 100 domin waɗannan ƙananan yara.

To amma duk wanda ya saba leƙa irin waɗannan azuzuwa ya san abin da ya fi yawa: yara 'yan shekara biyar zaune a tabarma, malama tsaye da tsumagiya tana nuna baƙaƙe a jikin allo, su kuma suna ɗaga murya suna maimaita sunan tuffa da Turanci. Yaron Kambaza ko Diggi da ƙyar in ya taɓa riƙe tuffa. Albasa kuwa ya san warinta, ya san tana sa hawaye, ya ga buhunanta jibge a bakin hanya. An bar wadda ya sani an kama wadda bai sani ba, sannan a ce kansa ba ya ja.

Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya yi wani gwaji da kowace uwa za ta iya maimaitawa a tsakar gida. A zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, yaro ɗan shekara huɗu ya yarda cewa daidai suke. Sai a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya a gaban idonsa. Nan take zai ce ruwan kwalba ya fi yawa. Ba daƙiƙi ba ne. A wannan shekarun idonsa ke yi masa hukunci. Ko an kwana ana yi masa bayani ba zai gamsu ba, sai ya yi ta zubawa yana juyewa da kansa. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma abin da ya taɓa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ji amonsa, shi ke gina ta.

A kan wannan fahimta Friedrich Froebel ya buɗe makarantar ƙananan yara a Jamus a 1837, ita kuma likita Maria Montessori ta buɗe tata a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907. Abin da ake yawan mantawa shi ne unguwar talakawa ce, 'ya'yan leburori ta tara. Yau sunan nata ya koma tambarin makarantun kuɗi, har iyaye a ƙauye suna ɗauka koyo da hannu sai ɗan mai hali.

Ɗaya daga cikin dabarun Montessori ita ce yanka baƙaƙe daga takarda mai kaushi, yaro ya riƙa bin siffar harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kotso a makarantar allo yana riƙe allonsa, yana bin babbaƙu da yatsa ko tsinke, yana jin warin tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, ya wanke allon da kansa ya shanya a rana. Sunayen baƙaƙen ma hoto ne: akwai mai hannu, akwai mai baki wofi, akwai mai gudu. Ba na cewa tsangaya ba ta da nata aibi, bulala da tsoro ba su taɓa ƙara wa yaro basira ba. Amma magabata sun gane cewa sai hannu da ido da kunne sun haɗu kafin harafi ya zauna, mu kuma da muka gina aji da bulo sai muka bar kunne shi kaɗai.

Kayan aiki fa? Nan ne ake yawan fakewa da rashin kuɗi, alhali ƙasar Kalgo da Gwandu cike take da su. Akwai yumɓu a fadama, akwai yashi, akwai karan dawa da yara suka daɗe suna ƙera mota da shi ba tare da kowa ya koya musu ba. A ba yaro faranti da yashi a ciki ya rubuta harafi, ya shafe, ya sake, ba fargabar ɓata littafi. A zuba masa shinkafa da wake da gero a ƙwarya ɗaya ya ware kowanne gefe: ga horon yatsun da za su riƙe fensir, ga rarrabe abubuwa bisa kamanni, wanda shi ne tushen lissafi. A sa tsakuwa a gwangwani ɗaya, yashi a wani, a rufe, ya girgiza ya faɗi wanne ne wanne. Marafan kwalba goma da ramukan dara sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. Yarinyar da ke carafke kuwa ƙirge take yi, ko da ba wanda ya kira shi darasi.

Akwai hujja mai ƙarfi cewa irin waɗannan kaya marasa tsada suna aiki. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, masu bincike sun ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartarsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da su da kayan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka bi sawunsu, sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100.

Inda gizo ke saƙa shi ne malami. Ajin da yara ke motsi ya fi ajin da suke zaune wuyar riƙewa. Ɗan shekara huɗu yana iya cusa ɗan tsamiya a hanci cikin ƙiftawar ido, don haka malama ɗaya ba za ta iya da yara sittin ba, komai ƙwazonta. Ga kuma al'adar tura wa ƙaramin aji malamin da aka ga ya fi rauni, a ajiye gwanaye wa 'yan aji shida. A ganina wannan juya lissafi ne. Sannan ga batun harshe: a rugage da garuruwan Fulani irin Dangoma, yaro na iya zuwa aji da Fulatanci kawai a bakinsa, kuma in malama ba ta jin sa, abin da za su iya haɗuwa a kai da farko shi ne abin da dukansu ke gani suna taɓawa.

Iyaye ma da nasu laifin. Da yawa suna auna makaranta da yawan aikin gida da shafukan da aka cika da rubutu, in yaro ya dawo da laka a riga sai a ce malama ba ta san aikinta ba.

Gyaran bai fi ƙarfin jiha ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi da sakatarorin ilimi na Gwandu da Kalgo su haɗa kai da su, a horar da malaman ajin share fage a lokacin hutu, a raba ajin da ya cika maƙil gida biyu, a kuma daina ɗauke ƙwararrun malamai daga wurin ƙananan yara. Kwamitocin kula da makarantu su ma ba sai sun jira Birnin Kebbi ba: tara yashi da yumɓu da marafan kwalba aikin Asabar ɗaya ne.