Daga Shafin Littafi Zuwa Tabarmar Hira

Wanda ya duba littattafan Turawa masu bayanin wasannin duniya ya nemi dara, sau da yawa sunan Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru, zai tarar a gefenta: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka. Ke nan ƙasar Zuru ba baƙuwar wasa mai doka da lissafi ba ce. Tatsuniya kuwa ba sai an faɗa ba. Abin da bai yaɗu a wajenmu ba shi ne wasan da ya gama biyun, inda ake ba da labari amma doka ce ke yanke abin da zai faru.

A 1982 kamfanin Puffin na Ingila ya buga The Warlock of Firetop Mountain na Steve Jackson da Ian Livingstone. Littafi ne da ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. An yanka shi gida 400, kowane da lambarsa, kai mai karatu kuma kai ne jarumin. In ka iso mararraba sai a ce: za ka bi gabas, tafi lamba kaza, za ka bi yamma, tafi lamba kaza. Faɗa da dodo da ƙwayar ludo biyu ake yinsa. Kowa ya jefa ya haɗa da makin gwanintarsa, wanda ya gaza a rage masa ƙarfi biyu. Akwai kuma makin sa'a, wanda ke raguwa da ɗaya duk lokacin da ka dogara da shi.

Mutum ɗaya ke wannan wasa, shi da fensirinsa. Ɗaya nau'in kuwa, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons, na taro ne. Mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa da jaruminsa, ɗaya ya zama mai jan labari, a ci gaba zango-zango har tsawon watanni. Tun da wuri aka fara ƙetarawa daga wannan zuwa wancan. Jackson ya fitar da dokokin wasan taro na littattafansu a 1984, aka faɗaɗa su a 1989 cikin Dungeoneer. Joe Dever kuwa ta baya ya biyo: duniyar Magnamund a teburin wasa ya fara gina ta, ya mayar da ita jerin littattafan Lone Wolf daga 1984, sannan a 2004 kamfanin Mongoose ya sake maido ta tebur.

To ina wahalar mayar da littafi wasan taro take? Littafi ƙofa biyu ko uku yake buɗe maka. Mutanen da ke zaune a gabanka kuwa katanga za su haura. A ƙarshen littafin Jackson da Livingstone akwai akwatin dukiyar matsafi Zagor, wanda ba ya buɗuwa sai ka tsinto makullai uku na daidai a hanya, ka haɗa lambobin da ke jikinsu, jimlar ta kai ka shafin nasara. Dabara ce mai kyau a takarda. A kan tabarma kuwa, wani zai ce, "Ni gatari zan sa masa." Wani ya ce, "A'a, mu ɗauke shi a ka mu kai wa maƙeri." Mai jan labarin da ya amsa da "babu wannan a littafi" ya kashe wasan nan take.

Don haka ba lambobin gidaje ake kwasowa daga littafin ba. Taswirar wurin ake zanawa, sannan a rubuta kowane mutum da abin da yake so da abin da yake tsoro. Mai gadin ƙofa kwaɗayi gare shi ko biyayya? In ka san wannan, ko wace shawara 'yan wasa suka kawo kana da amsa. Dodon da aka auna wa jarumi ɗaya kuma ba zai yi minti biyu a gaban biyar ba, sai a ƙara masa mabiya ko wayo. Shafukan nan da ke kashe mai karatu farat ɗaya don ya bi hagu, a zubar da su. Mai littafi yana iya komawa baya a ɓoye (kowa ma yana yi), amma wanda aka kashe wa jarumi a taro zaman kallo zai yi har a tashi.

A ganina ba sai mun jira dodannin Ingila ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, a shirye yake: buri guda, garuruwa a jere, ga Malam Zurƙe mai ɓullowa a inda ba a zata ba, irin abokin hamayyar da mai jan labari ke mafarkin samu. A Zuru kanta, ga golmo, inda samarin Lelna, wato Dakarkari, ke haɗa ƙarfi suna yi wa surukai noma shekara da shekaru. Ƙungiya ce mai shugaba da gasa da abin nema, kowace damina zango guda, ga kokawa da taron Uhola a tsakani. Sai dai a kiyaye: wuri irin Girmache da kadojinsa yana da masu shi da ke girmama shi. A ƙirƙiri tafki da sunan da babu shi, a bar na mutane.

Saura batun ƙwayar ludo, wadda gidaje da yawa ke ƙyama saboda kamarta da caca. Ba kuɗi ake sawa a wannan wasa ba, amma ba dole sai da ita ba. Littattafan Dever ba sa amfani da ita sam. A bayan kowanne akwai shafi cike da lambobi daga 0 zuwa 9 a warwatse, ka rufe ido ka dangwala gindin fensir, inda ya sauka ita ce lambarka. Ɗalibi zai iya zana irinsa a bangon littafin rubutu. Dever, wanda ya rasu a 2016, ya yarda a sa littattafan kyauta a intanet ƙarƙashin Project Aon, don haka mai waya zai iya gwada na farkon, Flight from the Dark, mai gida 350, kafin ya tara abokai.