Hijarbie: 'Yar Tsana Mai Lulluɓi

A ƙarshen shekarar 2015, wata matashiya 'yar Ilorin mai suna Haneefah Adam ta buɗe shafi a Instagram ta raɗa masa suna Hijarbie. Hotunan 'yar tsana Barbie take ɗorawa, sanye da hijabi da abaya ko doguwar riga, duk ɗinkin hannunta. Kafin a ce kwabo dubban mutane sun bi shafin, har CNN ta ɗauki labarin.

Ita Barbie tsohuwar hannu ce. Ruth Handler ce ta ƙirƙire ta, kamfanin Mattel ya fito da ita a baje kolin kayan wasa na New York a 1959. A Amurka da Turai akwai manya, masu 'ya'ya da jikoki, da ke tara ta kabad guda, wasu ko kwalin ba sa buɗewa don kada darajarta ta faɗi. Haneefah ba ajiya ta sa gaba ba, sutura ta sa gaba.

Wanda bai taɓa riƙe allura ba zai ɗauka wasan yara ne. Tsawon Barbie bai kai santimita 30 ba, hannun rigarta ko ɗan yatsa ba ya shiga. Yadi mai kauri ba ya kwanciya a jikinta, sai ya tsaya ƙiƙam, don haka sai an zaɓo ƙyalle mai laushi, a yi kalmasa siririya, a naɗa mayafin ya rufe gashi da wuya ba tare da ya haɗiye fuskar ba. Hoton ma aiki ne. Idan aka ɗauka daga sama, roba ce kawai a kan tebur. Sai mai hoto ya durƙusa, kyamara ta yi daidai da idonta, hasken taga ya sauka ta gefe, sannan take fitowa tamkar baiwar Allah da ta yi kwalliya za ta gidan biki.

A ganina, darajar wannan aiki tana wajen yarinyar da za ta kalli hoton ta ga shigar mahaifiyarta da ta yayarta an ɗauke su da mutunci. Wannan buƙata ce ta sa Taofick Okoya ya fara ƙera Queens of Africa a Legas, 'yan tsana baƙaƙen fata, ciki har da Azeezah mai wakiltar Hausawa.

Mattel kuwa sai a Nuwambar 2017 ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar Ibtihaj Muhammad, Ba'amurkiyar da ta ci lambar tagulla a wasan takobi a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Kusan shekara biyu ke nan bayan Haneefah ta fara nata da allura da zare.