Bayan An Cire Mama: Me Ke Sa Ƙirji Ɗaurewa?

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, inda gona ke manne da gona, aikin mace kusan duk na kafaɗa ne: daka, surfe, sussuka, jan guga, tuƙin tuwo, saɓa goyo. Matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala, gidan da za ta koma ke nan. Ɗinki ya warke, 'yan dubiya sun watse, sai wani sabon abu ya ɓullo. Ƙirji ya ɗaure tamau, hannu ya ƙi ɗagawa, tsoka ta riƙa murɗewa ba zato, musamman da asubahin hunturu. Abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne dajin ya dawo.

Galibi ba shi ba ne. Ƙarƙashin mama akwai wata faffaɗar tsoka da ta tashi daga tsakiyar ƙirji ta kama ƙashin dantse. Ita ke jawo hannu gaba, ita ke sauke taɓarya cikin turmi. A da, har da ita ake yankewa. William Halsted, likitan tiyata na Amurka, shi ya kafa wannan salo da rahoton da ya fitar a 1894, kuma an shafe shekaru da dama ana binsa, mata na tashi da ramin ƙirji da sandararriyar kafaɗa. A 1948 David Patey na Landan ya nuna ana iya barin tsokar. Aikin da aka fi yi yau jikan nasa ne.

Sai dai barinta bai hana ta jin jiki ba. Ana ɗaye mama daga kanta, a shimfiɗa fata kai tsaye a bisa. Wajen warkewa tabo na iya manne fatar da tsoka, su daina zamewa a kan juna. Shi kuwa tabo halinsa ne ya tsuke, kamar ɗanyar fatar da aka shanya a rana. Ga kuma hammata. A Nijeriya, inda ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2020 ta nuna sabbin kamu da dajin mama fiye da 28,000 a shekara, akasarin mata ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Don haka a kan kwashe kaluluwar hammata gaba ɗaya, kuma a nan ne ake taɓa wata jijiyar ji da ta ratsa zuwa cikin dantse. Daga gare ta zogi, raɗaɗi da mutuwar fata ke fitowa. Bincike daban-daban sun nuna tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na matan da aka yi wa aikin suna fama da ciwo mai daɗewa. Wadda aka tura Shika ko Sakkwato aka haska mata na'urar ƙona daji, tsokarta na iya ci gaba da tauri watanni bayan an gama.

Wasu kan ga wata igiya ta miƙe ƙarƙashin fata daga hammata zuwa gwiwar hannu. Hanyoyin ruwan jiki ne suka sandare, kuma miƙa hannu a hankali na sakinta.

A gida kuskure iri biyu ake yi. Akwai wadda dangi ke lallaɓawa, a ce kul ta motsa hannun, ta yi wata biyu tana rungume da shi a ƙirji. Tsokar da ba a miƙa ta gajarcewa take yi, kafaɗa ta ranƙwafa, murɗewar ta ƙaru. Akwai kuma wadda kaka ta riske ta ba mataimaki, mako uku da tiyata ta ɗauki taɓarya, don gero ba ya jiran kowa. Wannan ba gangancinta ba ne. Maigidan da ya sayar da rago aka biya kuɗin aiki bai kamata kuɗin injin niƙa ya gagare shi ba.

Maganin da ya fi hujja shi ne motsa hannu daki-daki. A Ingila an gwada haka kan mata 392, aka fitar da sakamako a mujallar BMJ a 2021. Waɗanda likitocin fisiyo suka fara koya wa atisaye kwana 7 zuwa 10 bayan tiyata, da shekara ta zagayo sun fi sauran iya amfani da hannu, ciwonsu ya fi sauƙi, kuma ba a ga ƙarin matsalar rauni ba.

Atisayen ba ya bukatar komai sai garun ɗaki. A makon farko, ɗaga kafaɗa da juya ta, dunƙule hannu da buɗewa, da jan dogon numfashi har haƙarƙari ya buɗe. Kada hannu ya wuce tsayin kafaɗa kafin a cire robar da ke tsiyayar da ruwa. Da likita ya ba da izini, sai ta fuskanci garu, ta riƙa hawa da yatsu sama har inda ta ji ja amma ba zafi ba, ta tsaya kaɗan, ta shata wurin da gawayi don gobe ta ga ko ta wuce. Haka za ta kwanta rigingine a tabarma, ta riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen ya taimaki ɗan'uwansa zuwa saman kai. Kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a wuni, na tsawon watanni. Tulu, guga da daka su dakata mako 4 zuwa 6, sannan a koma musu sannu a hankali. In tabo ya rufe sarai, murza shi da man kaɗanya na taimakawa ya saki tsokar.

Idan tsoka ta murɗe, a sassauta kafaɗa, a ja numfashi, a miƙa hannun a hankali. Ɗumi na taimakawa, amma a nan al'adar gashi da ruwan zafi ke da haɗari: fatar wurin ba ta ji, tana iya salewa mai ita ba ta sani ba. Tsumma mai ɗumi-ɗumi ya isa, a fara gwada shi da ɗaya hannun. Ƙaho da tsaga a wannan ɓangaren kuwa a bar su sam, domin hannun da aka kwashe wa kaluluwa ƙaramin rauni kan jawo masa kumburin da ba ya saɓewa. Farasitamol na rage ciwon tsoka. Zogin jijiya na da nasa magungunan, irin su amitriptyline da gabapentin, waɗanda likita ne ke rubutawa, ba tiramol ɗin kemis ba.

Akwai alamun da ba a jira ranar ganin likita: sabon ƙulli a kan tabo ko saman ƙashin wuya, wurin ya yi ja da zafi tare da zazzaɓi, hannu ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙashi mai hana barci. Asibitin Malam Aminu Kano da na Ƙashi da ke Dala suna da sashen fisiyo, kuma mace na iya neman a tura ta can tun ranar sallama, ta tafi da 'yarta ko ƙanwarta su koyi atisayen tare.