Gilashin gaba da robarsa: gyaran da tsofaffin motocin Magariya da Dungas ke jira

A ranar kasuwa, motar da ke ɗebo mutane da buhuna daga ƙauyukan Magariya da Dungas sau da yawa ta girmi direbanta. Akwai tsofaffin Land Rover, akwai a-kori-kura ƙirar Toyota, akwai kuma ragowar Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har tsakiyar shekarun 2000. Injin irin wannan mota an sauke shi an mayar ba adadi, taya kuwa kullum ana kan canji. Gilashin gaba ne kawai ake ta ɗaga wa ƙafa. Za a ga tsaga ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe, an bi ta da salatif, a kusurwa kuma an cusa yankin tsohon tiyub inda roba ta gutsure.

Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 570,000 a gundumar Magariya ta Jamhuriyar Nijar, da fiye da 350,000 a Dungas, wadda aka ware ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi Magariya zuwa iyakar Najeriya, yawancin hanyoyin ƙauye burji ne da rairayi. A kansu waɗannan motoci ke kai hatsi da dabbobi, ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma ta wannan gilashin direba ke ganin gabansa.

Ƙasar ba ta raga wa gilashi. Babbar mota ta wuce a kan burji ta harbo tsakuwa, ta bar ɗan tabo. Iskar hunturu ta yi ta watsa masa rairayi, yaron mota ya goge ƙurar da busasshen tsumma, sannu a hankali fuskar gilashin ta cika da ƙananan ramuka. Da rana ba a lura da su. Da dare, fitilar motar da ke tahowa na faɗawa cikinsu ta tarwatse, direba ya makance na ɗan lokaci, daidai lokacin da amalanken shanu marar fitila ke tafe a gefen hanya. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, kuma wanda ya kwara ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana zai iya ganin ɗan tabon nan ya miƙe ya zama tsaga a gaban idonsa, don wajen gilashin ya takura nan take alhali cikinsa na nan da zafi.

Gilashin mota iri biyu ne, kuma bambancinsu na iya zama bambancin rai da mutuwa. Na farko shi ne gasasshe: a zafafa shi sama da digiri 600, a huce shi da iska farat ɗaya. Ya fi gilashin tagar gida ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar, amma ranar da ya fashe gaba ɗaya yake rugujewa, ya koma ƙwayoyi kamar tsabar masara, ko ya yi fari fat direba ya daina ganin komai alhali mota na gudu. Motocin Turai da yawa na shekarun 1960 da 1970 da irinsa suka fito a gaba. Na biyu mai falle biyu ne, da siririyar leda mai kaurin milimita 0.76 a tsakani. Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Édouard Bénédictus, ya yi rajistar dabarar a 1909. Shi wannan gilashin ko ya tsage, ledar na riƙe da gutsattsarin, ba sa fallatsa a fuskar fasinjan gaba.

Mai saye zai iya bambance su da idonsa. A kusurwar ƙasa akwai hatimi: harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da shi, 2 ita ce Faransa, 1 Jamus, sai rubutun 43R a kusa. Sanda ɗaya a kan da'irar na nufin gasasshe, sanduna biyu na nufin mai leda. Duk gilashin da babu hatimi a jikinsa bai cancanci gaban motar haya ba, komai arharsa.

Amma inda aka fi yin asara shi ne wajen roba. A tsohuwar mota ba a manna gilashi da gam yadda ake yi wa na zamani. Zaune yake cikin zoben roba mai kwari biyu, ɗaya ya rungumi bakin gilashin, ɗaya ya kama leɓen ƙarfen motar. Idan mota ta shiga gargada jikinta na murɗewa, robar ce ke shanye murɗar kafin ta isa ga gilashi. Rana da iska kuwa na cinye roba a hankali, ta bushe, ta tsattsage, ta taurare, ta daina lotsawa. Mai mota ya ci bashi ya sayo sabon gilashi, ya ce a mayar da tsohuwar roba don rage kuɗi, bayan ƴan makonni tsaga ta taso daga kusurwa ba tare da ko tsakuwa ta taɓa shi ba. Sai a zargi mai sayarwa, alhali laifin na robar ne. Ga kuma ruwan damina da ke silalewa ta tsagogin, ya kwanta a kan ƙarfe ya haifi tsatsa, ya ɗiga kan wayoyin bayan sitiyari.

Aikin kansa abin kallo ne, kuma kayansa ba su wuce wuƙa, igiya da ruwan sabulu ba. Ana yanke leɓen tsohuwar roba, a tura gilashin waje a hankali. Daga nan gwani ke bambanta da mai gaggawa: zai kankare tsatsar leɓen ƙarfen, ya kai wa mai walda idan ta huda, ya daidaita duk inda ya lanƙwashe, ya shafa fenti ya jira ya bushe. Ƙullutu ɗaya na walda da aka bari ya isa ya fasa sabon gilashi.

Sai a shigar da gilashin cikin sabuwar roba, a tura igiya mai kaurin fensir ko ƙasa da haka cikin kwarin waje, ta zagaye shi kaf, bakunanta biyu su haɗu su gitta a tsakiyar ƙasa. A shafe robar da ruwan sabulu. Man inji ko gas ba su da wuri a nan, don kumbura roba suke yi su ruɓar da ita, ko da yake ana yawan ganin an miƙa hannu gare su saboda su ne a kusa. Yaro na waje ya ɗora gilashin a mazauninsa, ya danna da tafin hannu a buɗe. Maigida na ciki yana jan igiyar kaɗan-kaɗan, leɓen robar na ɗagowa yana hawa kan ƙarfen, ɗan dama, ɗan hagu, tafin yaron na bin inda igiyar take. Kusurwoyi ne wurin haɗari. A nan ake murza igiyar a zagaye maimakon fizga, a nan kuma ake hana yaro buga gilashi da dunƙulen hannu. An fi son yin aikin da hantsi, bayan an shanya robar a rana ta yi laushi.

Samun kayan wani aiki ne daban. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce babbar matattarar kayan tsofaffin motoci a wannan yanki, kuma ga mutumin Dungas, Maigatari da ke bakin iyaka a Najeriya ta fi Damagaram kusa. Shi ya sa rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, suka shafi har mai neman zoben roba. Robar da ta daɗe a rataye a shago na iya tsufa tun ba a sa ta ba, don haka masu gyara ke lanƙwasa ta su duba: in ƙananan tsagogi sun bayyana a bayanta, a mayar wa mai ita.

Gwajin ƙarshe da buta ake yi. Bayan gilashin ya huce a inuwa, a zuba ruwa daga rufin mota ya gangaro, mutum ɗaya na ciki yana bin gefen robar da yatsa. Inda ya ji danshi, a ɗaga leɓen a cusa abin toshewa mai laushi wanda ba ya daskarewa. Direbobin garuruwan yankin irin su Waca, Bande, Malawa da Dogo-Dogo da ke son kammala wannan gyara kafin ruwa ya sauka, wa'adinsu watan Mayu ne.